Motar Wasan Yara Ba Abar Wasa Ba Ce

Sau da yawa idan magidanci ya tarar da ɗansa a bakin zaure ya baje gwangwanaye da guntayen waya da tsofaffin silifa yana ta ƙwanƙwasa, abin da yakan fara fitowa daga bakinsa shi ne faɗa. A ganinsa yaron ya bar karatu ya koma shiririta. To amma akwai ƙasashen da wannan abin da ake kira shiririta ya zama sana'a mai kamfanoni da ma'aikata, da dokoki, da gasar duniya, har dattawa masu furfura sukan kwana suna gyaran motar da tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Wannan fili na yau zai duba wani irin wasa daga cikin waɗannan, watau tseren ƙananan motocin lantarki masu bin tsaga, yadda ake tsara su, da yadda ake gane mai ƙwari daga ta banza, sa'an nan da abin da garin Maiduguri zai iya ƙaruwa da shi daga cikinsa.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake. Akan shimfiɗa hanya ta roba ko ta katako a kan tebur ko a ƙasa, mai miƙe da kwana-kwana, wadda ƙarshenta ya komo ya haɗu da farkonta. A tsakiyar layin kowace mota akwai wata siririyar tsaga da ta bi hanyar tun daga farko har ƙarshe, a gefe da gefen tsagar kuma an shimfiɗa ƙarfe biyu masu ɗauke da wutar lantarki. A ƙarƙashin hancin motar akwai wani ɗan harshe na roba wanda yake shiga cikin tsagar, shi ne yake jan ragamar motar. Kusa da harshen akwai geza biyu ta kitsattsiyar wayar jan ƙarfe, su ne suke gogar ƙarafan nan biyu suna ɗebo wuta suna kai wa ɗan injin da ke cikin motar. Wutar ba mai yawa ba ce, galibi bolt 12 ne ko sama da haka kaɗan, watau kusan ƙarfin batirin mota, don haka ba ta yi wa yaro lahani ko ya taɓa.

Direba ba shi da sitiyari. Abin da ke hannunsa shi ne wani abin riƙo mai kunama irin ta bindiga. In ya matsa kunamar, wuta ta ƙaru mota ta zabura, in ya sassauta ta rage gudu, in ya saki gaba ɗaya ta taka birki. Mai ji daga nesa zai ce ai wannan ba wani abu ba ne, tun da tsaga ce ke yin tuƙin. Amma harshen nan ba a kulle yake cikin tsagar ba. Duk wanda ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, sai dai ya ga bayan motarsa ya wulwula, harshe ya fice, mota ta yi waje tana birgima, abokan tsere kuwa sun wuce. Wanda kuma ya cika tsoro ya riƙa lallaɓawa, shi ma an bar shi a baya. Gwanintar duka tana cikin sanin daidai inda za a sassauta da inda za a matsa.

ASALIN WASAN

Wasan ya daɗe. Tun a shekarar 1912 kamfanin Lionel na ƙasar Amurka, wanda ya yi suna wajen ƙera jiragen ƙasa na wasa, ya fitar da motocin tsere masu aiki da lantarki, amma ba su daɗe a kasuwa ba. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne masu sha'awar ƙere-ƙere a Ingila suka farfaɗo da abin a ƙungiyoyinsu, da fari motocin suna bin wani ƙarfe da ya ɗago a kan hanya, daga baya aka gane tsaga ta fi, domin ba ta tare motar da ta zame.

Wanda ya shigar da wasan gidajen jama'a shi ne wani Bature mai suna Fred Francis, mai kamfanin Minimodels. Da ma yana ƙera motocin gwangwani masu aiki da wani, ana kiransu Scalex. Da kasuwarsu ta fara ja da baya sai ya sa musu injin lantarki, ya yi musu hanya ta roba, ya fito da su a shekarar 1957 da sunan Scalextric. Motocinsa na farko kwaikwayon Ferrari ne da Maserati na tseren wancan zamani, kuma abin lura a nan shi ne da gwangwani aka yi jikinsu, kamar dai yadda yaran Arewa suke yi. Shekara guda bayan haka kamfanin Lines Brothers ya saye sana'ar, daga 1960 kuma aka koma yin jikin da roba. A yau sunan yana hannun kamfanin Hornby na Ingila. A Jamus kamfanin Josef Neuhierl ya fito da nasa mai suna Carrera a 1963, a Amurka kuwa kamfanin Aurora ya cika gidaje da 'yan mitsi-mitsin motoci waɗanda ba su fi tsawon yatsa ba. Daga shekarar 2004 aka soma sa wa motocin 'yar ƙwaƙwalwa irin ta kwamfuta, yadda mota shida za su iya yin tsere a kan layi biyu, kowace tana sauya layi in direbanta ya so.

Girman motocin a kan awo yake, ba da ka ake yi ba. Awon da ya fi yaɗuwa shi ne 1:32, ma'ana an raba kowane sashe na motar gaske gida 32 an ɗauki ɗaya. Motar da tsawonta ya kai mita huɗu da rabi sai ta komo kimanin santimita 14, watau inci biyar da rabi. Akwai kuma 1:24 da ta fi girma, da 1:64 'yar ƙarama. Galibin masu awon 1:32 nauyinsu bai kai giram 100 ba.

INDA ƘWARIN MOTA YAKE

Wanda bai san kan abin ba, idan ya shiga kanti, fenti yake dubawa da fitilu da lambobin da aka manna. Masanin abin kuwa kifar da motar yake yi ya dubi cikinta, gama abubuwan da ke sa mota ta ci tsere duk a ƙasa suke inda ido ba ya kaiwa.

Na farko shi ne ƙashin motar, wanda makanikai ke kira casis. Dole ya zama a miƙe sambal. Gwanaye sukan ɗora mota a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen bisa, su duba ko tayoyin sun zauna daidai. In ƙashin ya murɗe ko da kaurin takarda ne, taya ɗaya za ta fi 'yar'uwarta cin ƙasa, motar ta riƙa jin daɗin kwanar dama tana ƙin ta hagu.

Na biyu shi ne sandar tayoyin baya da tayoyin kansu. Motocin nan ba su da sifirin da zai shanye girgiza, saboda haka in sandar ta lanƙwashe kaɗan, ko taya ba ta zagaye sosai ba, da an matsa wuta sai motar ta kama tsalle-tsalle kamar fara. Shi ya sa mai son tsere da gaske, ko sabuwar mota ya saya, yakan ɗora tayoyin baya a kan sanfefa ya ba ta wuta a hankali har su goge su yi daidai. Tayoyin gaba kuwa ba a so su kama ƙasa da yawa, tun da ba su ne ke tuƙi ba, har wasu sukan shafa musu abin da zai sa su yi santsi.

Na uku shi ne giya. Injin motar gida yakan juya wajen sau 18,000 a minti guda, wanda ya fi ƙarfin taya nesa ba kusa ba. Don haka akan sa wa bakin injin ƙaramar giya, a sa wa sandar taya babba. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne haƙora 9 a ƙarama, 27 a babba, watau sai inji ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. In aka ƙara haƙoran babbar, mota ta fi saurin tashi da kama birki amma gudunta na miƙe ya ragu. In aka rage, ta fi gudu a miƙe amma ta yi nauyin tashi. Kowace hanya da irin giyar da ta dace da ita, kuma wannan lissafi ne tsagwaronsa, irin wanda ake koya wa yara a aji suna hamma. Haɗuwar haƙoran ma abin kula ne: in sun matse da yawa inji ya yi zafi, in sun yi sako-sako su cinye juna. Kunne kawai ya isa ya gane, don mota mai kyau ba ta da hayaniya.

Na huɗu shi ne inda nauyin motar ya taru. Duk abin da nauyinsa ke sama, kifewa ba ta yi masa wuya, kamar yadda kowa ya sani game da babbar motar da aka labta wa buhuna har ta fi ƙarfin bodinta. Saboda haka ake yin jikin motar tsere shafal, a kwantar da inji ƙasa-ƙasa, wani lokaci a manna 'yar dalma a ƙarƙashi. Yadda aka ajiye injin ma yana da tasiri, ko a tsaye ya bi tsawon motar, ko a gicciye kusa da sandar baya, ko kuwa a karkace tsakanin biyun. Wasu har sukan ɗan sassauta kusoshin da suka haɗa jiki da ƙashi, don jikin ya riƙa ɗan motsi yana shanye girgiza.

Birkin ma abin sha'awa ne, domin babu wani abu da ke matse taya. In direba ya saki kunama, wayoyin injin biyu ne ake haɗewa, sai injin da ke juyawa ya koma kamar janareta, wutar da yake haifarwa ta riƙa turje masa har ya tsaya.

MAYEN ƘARFE

Akwai wata muhawara da ta daɗe tsakanin masu wannan wasa, wadda ta shafi kowane mai sana'a. Tun daga shekarun 1970 kamfanoni suka soma amfani da ƙarfin maganaɗisu, watau mayen ƙarfe, a ƙarƙashin motoci. Mayen yana jawo motar zuwa ga ƙarafan hanya, sai ta manne, ta sha kwana da gudun da ba za ta iya ba in da nauyinta kaɗai ne. Yara da sababbin shiga suna son haka, don motar ba ta yawan fita. Amma tsofaffin hannu da yawa sukan cire shi, kuma ƙungiyoyi da dama suna da rukunin tseren da aka hana shi sam.

Dalilinsu kuwa shi ne mayen ƙarfe yana rufa wa mugun aiki asiri. Mota mai murɗaɗɗen ƙashi da karkatacciyar taya, in dai mayenta mai ƙarfi ne, za ta zaga hanya kamar ta kirki. Ranar da aka cire shi, ran nan ake sanin wadda aka ƙera da hankali da wadda aka yi wa kwalliya kawai. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Bugu da ƙari, mota mai maye ba ta yi wa direba gargaɗi: tana manne, tana manne, sai kawai ta yi tsalle ta bugi bango ta farfashe. Marar maye kuwa bayanta yakan fara zamewa a hankali, direba ya gani ya sassauta, ta nan yake koyon tuƙi.

Game da gudu, abin ya kai inda mai karatu zai yi mamaki. A Amurka akwai wata irin hanyar katako mai layi takwas da ake kira King, wadda zagayenta ƙafa 155 ne, kimanin mita 47. Motocin da aka yi musamman dominta, masu jiki kamar leda da fukafukan da iska ke dannawa ƙasa, suna zaga ta cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, watau fiye da mil 50 a awa, gudu na gaske ba na awo ba.

Sai dai wannan neman gudun ya taɓa yi wa wasan illa. A tsakiyar shekarun 1960 akwai dubban shagunan tsere a biranen Amurka, inda yaro zai biya 'yan kuɗi kaɗan ya kama layi. Kafin shekarun su ƙare yawancinsu sun rufe. Cikin dalilan da akan ambata har da cewa manya masu kuɗi sun shigo da injuna masu tsada, kullum ana fito da sabo, yaron da ya tara kuɗin tara ya sayi mota ya ga ba shi da sauran rabo, ya haƙura ya bar zuwa. Ƙungiyoyin da suka rayu su ne waɗanda suka kafa doka cewa kowa da irin inji ɗaya zai shiga, yadda hannu ne zai raba gardama ba aljihu ba.

ABIN DA YA SHAFI MAIDUGURI

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan Yerwa da wasan 'ya'yan Turawa? Ruwanta kuwa babba ne. Tun kafin kayan wasan roba su cika kasuwa, yaran Hausari da Gwange da Gamboru, kamar takwarorinsu na Kano da Sakkwato da Zariya, su suke ƙera motocinsu. Akwai motar kara, wadda ake yi da totuwa ana soke ta da ɓawon karan. Akwai motar langa-langa da ta waya, mai dogon sitiyari da yaro ke riƙewa yana tafe yana murzawa tayoyin gaba suna juyawa. Akwai ta gwangwanin madara da na kifi, a yanko taya daga tsohon silifa, a ɗaure da robar tsohon tib na keke. Yaron da ya yi wannan ya riga ya san cewa karkatacciyar sanda ba ta tafiya, ya san in kaya suka yi sama mota za ta kife, ya san taya huɗu sai sun zo daidai. Rabin ilmin da aka zayyana a sama yana hannunsa, ba tare da wani ya koya masa ba.

Abu biyu ne ya rasa. Na ɗaya lantarki, watau sanin yadda waya da kwayil da maganaɗisu suke haɗuwa su haifar da motsi. Na biyu ma'auni. Motar da ake ja da hannu ba ta da alƙali, wadda ta fi ado ita ake yabo. Amma in aka ɗora mota biyu a hanya ɗaya, wuta ɗaya, agogo yana bugawa, babu sauran musu, kuma yaron da aka tsere wa zai koma ya binciki dalili, ya sauya abu ɗaya ya sake gwadawa. Wannan ɗabi'a ta gwadawa da aunawa ita ce ta raba injiniya da mai kame-kame. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Garin kuwa yana bukatar irin waɗannan hannuwa. Tun a shekarar 2017 wani matashin Maiduguri, Mustapha Abubakar Gajibo na kamfanin Phoenix Renewables, ya soma cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu na lantarki, daga baya ya shiga ƙera nasa tun daga tushe, ana yi musu caji da hasken rana. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, Gwamnatin Jihar Borno ta shigo da motocin haya masu aiki da lantarki, waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar a Maiduguri cikin watan Disamba na wannan shekarar. Sayen mota abu ne na rana ɗaya, riƙonta kuwa na shekaru ne. Makanikin da ya saba da fulogi da kafireto ba lalle ne ya san inda zai taɓa ba in motar lantarki ta tsaya, kuma kowa ya san yadda kayan gwamnati masu tsada suke ƙarewa a bayan ofis, ciyawa ta fito ta cikinsu, don an rasa mai gyara. Gaskiya ne injin babbar mota ya fi na 'yar wasa wuyar sha'ani, amma tushen ɗaya ne: batir, da waya, da abin daidaita wuta, da inji, da giya. Har birkin nan na mai da inji janareta, shi ne dabarar da manyan motocin lantarki ke bi suna mayar da wuta cikin batir in direba ya ɗaga ƙafa.

Ba kuma sai an yi odar kaya daga Turai ba. Masu wannan wasa da yawa a ƙasashen waje da kansu suke yin hanyarsu, kuma ta katako ce gwanaye suka fi so. Kafinta zai iya tsaga faifan katako, a shimfiɗa siririn jan ƙarfe gefe da gefe. Batirin mota guda da faifan sola sun isa su riƙe wasan yini guda, abin da ke da muhimmanci ga garin da ya shafe mafi yawan shekarar 2021 cikin duhu bayan da 'yan ta'adda suka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu. Ƙananan injuna suna nan birjik cikin matattun rediyoyi masu kaset da na'urorin faifai da fankokin caji a rumfunan masu gyara, sai dai a rage musu wuta daidai ƙarfinsu don kada su ƙone. Jiki kuwa a bar wa yara da gwangwaninsu, tun da Fred Francis ma da shi ya fara.

Akwai matsaloli, ba a ce babu ba. Ƙurar hunturu abokiyar gabar wannan wasa ce, tana sa taya santsi tana kuma hana geza ɗebo wuta, don haka dole a riƙa rufe hanya ana goge ta. Zafin bazara, wanda a Maiduguri yakan haura digiri 40, yana iya lanƙwasa hanyar roba in aka bar ta a rana, wannan ma wani dalili ne na zaɓen katako. Amma yaron da ya koyi kare ɗan injinsa daga ƙura da zafi, ya koyi abin da zai yi masa amfani ranar da aka damƙa masa babba.

Wa zai ɗauki nauyi? Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar injiniya, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat. Ɗalibansu kowace shekara suna neman aikin gwaji na kammala karatu, ga shi a sauƙaƙe: su ƙera hanya da abin ƙirga zagaye, su kai makarantun firamare da na sakandare. Ma'aikatar Ilmi ta shirya gasa tsakanin makarantu, maza da mata, a kan sharaɗi uku da aka koyo daga kuskuren wasu: inji iri ɗaya ga kowa, babu mayen ƙarfe, kuma duk motar da za ta shiga sai wadda yaro ya ƙera da hannunsa, ya kuma iya kwance ta ya mayar a gaban alƙalai. Attajiran gari da ke neman inda za su taimaka, kuɗin da za a kashe bai kai na liyafar biki guda ba. Sauran jihohin Arewa ma babu abin da zai hana su bin sahu.

Iyaye kuma su yi wa Allah su sassauta. Ba a ce yaro ya bar allo ko boko ya zauna ƙera mota ba, kowane abu da lokacinsa. Amma maimakon a watsar masa da gwangwanaye, ko a saya masa ta roba mai walƙiya wadda za ta mutu kwana uku bayan Salla, gara a tambaye shi me ya sa tasa take karkata hagu, a bar shi ya nemo amsar da kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a hannuwansu, amin.